Ɗakin Baƙo a Libarbar Sufeto

Shekara tara na yi ina riƙe da makullin ɗakin makamai a wani ofishin 'yan sanda da ke arewacin kogin Kaduna, zamanin da soja ke mulki. Ɗaki ne matsattse, ba shi da taga sai wata 'yar kafa mai ƙarfe da nake miƙa bindiga ta cikinta. Mai fita aiki ya zo ya karɓa, wanda ya dawo ya maido. Ba mai tsayawa hira da mai ɗakin makamai. Ta kafar nan ake gaishe ni, ta nan ake yi mini sai anjima, har na kai ina gane mutum da hannunsa tun kafin ya sunkuyo in ga fuskarsa.

Iyalina suna ƙauyenmu a ƙasar Kano, sai in yi wata uku ban leƙa su ba. Ɗaki ɗaya na kama a Unguwar Shanu, cikin gidan haya da ya cika da direbobi da 'yan tireda. Mutanen kirki ne, amma ba mai sakin jiki da ɗan sanda. Ina fitowa tsakar gida da buta, hira za ta mutu, ba za ta farfaɗo ba sai na koma ɗaki na saki labule. Ina jin su daga ciki suna dariya, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai.

Mutum ɗaya ne a duk faɗin Kaduna yake cin abinci da ni. Wani Sufeto ne a ofishinmu, Bakatsine, dogo, furfura ta cinye masa saje. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun girma suna can gida, shi ma ɗaki ɗaya gare shi, lungu biyu tsakaninmu. Kullum bayan magariba zan same shi a ƙofar ɗakinsa ya shimfiɗa tabarma, tuwon masara da miyar kuka na wata mai abinci a kan layin suna jiranmu cikin kwano ɗaya. A ofis Yallaɓai nake ce masa, a kan tabarma kuwa Baba. Shi kuwa ko a ina Saje yake ce mini, wato muƙamina.

Burinsa ɗaya ne, kuma ya sha faɗa mini har na haddace. Ya haura shekara talatin cikin kaki bai taɓa zubar da jinin mutum ba, ga ritaya ta matso, saura 'yan watanni.

"Saje," yakan ce, yana juya hannunsa na dama a gabana, "so nike in tahi gida da hannun nan yadda na zo da shi. Shi kaɗai na tara."

Ƙananan bindigogin da ke hannuna kashi biyu ne. Akwai fistol mai cin harsashi ta gindi, wadda samarin hafsoshi ke rububi saboda tana ɗaukar harsashi da yawa, kuma tana kwanciya luf a ƙugu. 'Yar gayu muke ce mata. Tana da kyau, ba ƙarya, amma rainonta sai mai haƙuri. Datti kaɗan ya shige ta, ko harsashi ya sha raɓar damina a ajiya, ko sifirin ɗin gidan harsashinta ya gaji, sai ta cije, kwanson harsashi ya maƙale mata a baki, mai ita ya tsaya yana jijjiga ta yana zufa. Su ma 'yan gayun ba ɗaya ba ne. Akwai ƙirar da za ka wulaƙanta shekara guda ta yafe maka, akwai wadda tun daga akwati ƙarfenta ke nuna ragwanta. Na sha faɗa wa samarin nan wacce ce wacce, su kuwa wadda ta fi ƙyalli suke nunawa da yatsa.

Sai kuma libarba, mai 'yar ganga da ke juyawa, ɗakuna shida, kowane ɗaki harsashi ɗaya. Ba ta da fasali, ga nauyi kamar dutsen guga. Amma ba ta san cijewa ba. Harsashi ya ƙi tashi, ka sake jan kunama, ganga ta juya ta kawo maka na gaba. Duk musun da aka yi a ofishin nan a kan wacce ta fi amana, ni bayan libarba nake, kuma da zafi nake yi, har a ce Saje ya hau.

Libarbobin nan ma ƙira biyu ne, na kamfanoni biyu dabam. Kurata ba sa bambance su, ni kuwa da wannan nake yi musu burga. In kama sabon kurtu in ce ya faɗa mini bambancinsu, ya juya ya juya ya rasa, sannan in nuna masa: wannan gangarta hagu take juyawa, waccan dama. Su yi ta mamaki, ni in ji kaina ya yi girma. Ban ɗauki sanin nan a bakin komai ba, abin kunyata kurtu ne kawai.

Libarbar Sufeto tsohuwa ce tukuf, mai juyawa hagu, mariƙinta ya yi sulɓi saboda tafin hannunsa. Ya fi shekara ashirin ba ya karɓar wata sai ita. Abin da na lura da shi shi ne, duk sanda ya dawo da ita, harsashi biyar ne ke zubowa daga ganga, na shidan kuwa daga aljihun gaban rigarsa yake fito da shi. Na yi ta gani ina shiru, har wata rana a kan tuwo na kasa haƙuri.

"Baba, wai me harsashi na shida ya yi maka da kullum yake kwana a waje?"

Ya yi dariya, ya suɗe yatsa. "Ɗakin baƙo ne nike bari."

"Wane baƙo?"

"Hushi. Wani lokaci tsoro. Su biyun nan ba su sallama, Saje, kuma in sun zo yatsa suke kamawa tun hankali bai tashi ba. To ni ɗakin da zai hau bakin bututu in na ja kunama, shi nike bari wayam. In yatsana ya riga ni, sai ya hwaɗa ɗakin da ba kowa. Ƙyas ɗin nan da zan ji, shi ke tada ni. In kuwa abin ya kama dole, ja na biyu na nan."

Ya ce sau biyu ɗakin baƙo yana ceton rai a hannunsa. Na farko wani direban babbar mota ne a shingen hanya, ya zura hannu ƙarƙashin kujera, ashe takardu zai ɗauko. Na biyun bai ba ni labarinsa ba.

Na yi masa faɗa sosai. Na ce wannan ba ya cikin ƙa'ida, kuma ɗan fashi ba zai tsaya jiran ja na biyu ba. Ya bar ni na gama kumfar bakina, sannan ya ce ai ransa ne yake sakawa, ba na wani ba. Washegari a bakin kafa ya nuna mini yadda yake yi. Tunda gangarsa hagu take juyawa, ɗakin da ke dama da bututu shi ne mai hawowa, shi yake tsallakewa. Babban yatsansa ne ke aikin, ko dubawa ba ya yi, kamar mai jan carbi. Ya ce duk duniya ba wanda ya san wannan sai ni. Na ji daɗin maganar nan fiye da yadda na nuna masa.

Da damina ta ɗauke na zauna duba makamai ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda nake yi kowace shekara. Da na zo kan tsohuwar Sufeto sai na ji gangarta tana rawa. Ta saki, ɗaki ba ya daidaita da bututu sosai. Irin wannan in aka harba, gefen harsashi na iya tsagewa ya watso wa mai ita a fuska, ko abin ya fi haka muni. Na ajiye ta gefe na ɗaura mata jan ƙyalle.

Ya roƙe ni. Ya ce wata huɗu kacal suka rage, in bar su su ƙarasa tare, ai ba harbawa yake ba. Na kafe. Ina da taurin kai a kan aikina, kuma ina ƙaunar mutumin nan, abubuwan biyu suka haɗu suka toshe mini kunne. Na ce ba da hannuna za a ba shi abin da zai fashe masa ba. Kwana biyu muna cin tuwo ba walwala, a na uku ya ce to, in zaɓa masa.

Na zaɓa masa wadda ta fi kowacce a ɗakin. Libarba ce da ba ta sha hannu ba, ƙarfenta garau. Na kwance ta na wanke, na sa mata mai, na kai ta filin harbi na gwada, shida cif suka tashi ba gardama. Ranar wata Juma'a da safe na miƙa masa ta kafa, mutane sun yi layi a bayansa. Na nuna masa ɗan makullin buɗe ganga, don ya bambanta da na tsohuwarsa. Na nuna masa saiti. Na ce ya ji yadda kunamarta ke da laushi.

"Wannan ba za ta taɓa ba ka kunya ba, Yallaɓai," in ji ni, ina ta washe baki.

Ya auna nauyinta a tafin hannu, ya zuba biyar, ya jefa na shida a aljihu. Ina kallon babban yatsansa lokacin da ya tsallake ɗakin dama. Da idona na gani. Sabuwar kuwa ta ɗaya kamfanin ce, dama take juyawa, ɗakin hagu ne ke hawowa. Na san wannan kamar yadda na san sunana, na kuma san sirrin ɗakin baƙo, amma sanin biyu suka zauna a kaina kowanne a kusurwarsa, ba su gaisa ba. Hankalina yana kan jiran ya yaba zaɓina. Ya ce madalla, ya soke ta a ƙugu, na ce na gaba ya matso.

Sati biyar bayan nan, da rana tsaka, aka yi kira daga Babbar Kasuwa cewa an kama wani da zargin sata, jama'a na neman hallaka shi. Sufeto ya tafi da mutum biyu. Ba na wurin, kofur ɗin da ya bi shi ne ya ba ni labari. Ya ce sun tarar har an rataya wa mutumin taya, ana neman fetur. Sufeto ya kutsa ya tsaya a kansa, yana ba da haƙuri, jama'a na matsowa, duwatsu na sauka. Sai wani ɗan dako ya ɓullo ta gefe da guntun katako a sama. Wasu sun ce wanda ake zargin ya nufa, wasu sun ce Sufeto. Sufeto ya zaro, ya ɗaga, yatsa ya ja.

Ta tashi a ja na farko.

A ƙirji ta sami ɗan dakon. Kafin la'asar ya cika a asibiti. Ɗan ci-rani ne daga Zamfara, an ce yana da mata da 'ya'ya biyu a ƙauye. Wanda aka je ceto kuwa ya rayu, don ƙarar ta watsa taron.

Da yamma aka kawo mini bindigar in duba in rubuta rahoto. Na rufe ƙofa na buɗe ganga. Kwanso ɗaya a sama, harsashi huɗu lafiyayyu, ga ɗakin baƙo nan wayam yadda ya bar shi, sai dai maimakon ya hau bakin bututu, ƙara nisa ya yi da shi. Ban yi daƙiƙa uku ina kallo ba na gane. Na zauna a kan akwatin harsashi, na daɗe a nan. Daga baya na ɗauki biro na rubuta cewa bindiga lafiyarta ƙalau, ba ta da wani aibi, ta yi aikinta yadda aka ƙera ta. Ba ƙarya ko ɗaya a rahoton nan, kuma ban taɓa rubuta abin da na tsana kamarsa ba.

An yi bincike, aka wanke Sufeto. Aka ce yana kare ransa ne da ran wanda ke hannunsa. Har da masu zuwa yi masa barka. Aka mayar da shi tebur ya ƙarasa kwanakinsa, bai ƙara taɓa bindiga ba, saboda haka bai sami damar gano abin da ya faru da kansa ba.

Kwana takwas ba tabarma a ƙofarsa. A na tara na gan ta a shimfiɗe, na zauna. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Na wanke hannu na sa a kwano, shi kuwa sai ya zaro cokali daga aljihu. Bahaushe ɗan shekara kusan sittin, da tuwon masara, da cokali.

"Baba, lafiya?"

"Hannun nan ba ya ƙara shiga kwano ɗaya da na mutum," ya ce. Ya yanki tuwo da gefen cokalin, ya daɗe bai kai baki ba. "Tsuhwa ce, Saje. Shekara da shekaru ina barin ɗakin nan, rana ɗaya yatsana ya ɓace hanya. Na zauna na tuna, na tuna, wallahi gani nike na bar shi daidai. Ashe hankalin ne ya hwara tahiya ban sani ba."

Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki. Maganar tana kan harshena, gajeriya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na dubi tabarmar, na tuna tsakar gidanmu da hirar da ke mutuwa in na fito, na ji tsoron kada wannan ƙofar ma ta rufe. Sai na ce ƙaddara ce, Baba, Allah ya riga ya rubuta. Na ci gaba da cin tuwo da hannuna.

Wata uku muka yi a haka. Shi da cokali, ni da hannu. Ya daina zolayata, ya daina ba da labari. Wani lokaci in ga babban yatsansa yana motsi a kan gwiwarsa, yana zuba harsashin da babu, yana tsallake ɗaki, yana sake farawa. Ya fara shakkar kansa a kan komai. Ya kulle ɗaki ya dawo ya taɓa kwaɗon, ya idar da salla ya tambaye ni ko raka'a nawa ya yi. Kullum in na taso daga ofis sai in ce yau zan faɗa, kullum in koma ɗakina da abata a ciki. Kaɗaicin da na gudu shi ne ya zo ya same ni a kan tabarmar, don zama kusa da mutumin da kake ɓoye wa abu ya fi zaman ɗaki kai kaɗai ciwo.

Ranar da ya rage kwana ɗaya ya tafi, na tsaya wurin wani mai tireda na sayi cokali. Da aka buɗe kwano ya zaro nasa, ni ma na zaro nawa. Ya dubi cokalin, ya dube ni.

"Mi ke nan, Saje?"

Na faɗa masa. Na ce yatsansa bai ɓace ba, hankalinsa bai tafi ko'ina ba, ɗakin dama ya bari kamar kullum. Tsohuwarsa hagu take juyawa, wadda na ba shi dama. Na sani tun kafin in ba shi, na ga yatsansa a ranar, ban haɗa ba. Na kuma gane tun yammacin da aka kawo mini ita.

Ya ajiye cokalinsa a hankali. Yara na wasa a bakin lungu, wani mai rediyo ya wuce, duk ina ji.

"Hagu da dama," ya ce. "Shi ke nan? Hagu da dama?"

Na ce shi ke nan.

"Tun yaushe ka ce ka gane?"

"Tun ranar, Baba."

Ya dubi hannunsa. Da ya yi magana muryarsa ba ta tashi ba, na so a ce ta tashi.

"Mantuwa ta ɗan Adam ce. Wannan na yahe maka tun ba ka ruhe baki ba, ni ma ai ni na ja. Amma wata ukku ina tuhumar hankalina, ina tambayarka raka'a nawa na yi, kana zaune gabana kana ba ni amsa." Ya girgiza kai. "Wannan ban san inda zan aje shi ba, Saje."

Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Ya tura kwanon gabana ya ce in ci, abinci ba ya jira. Muka ci, cokali biyu suna karo da gefen kwano. Da zan tafi na tambaye shi ƙarfe nawa motarsa, ya ce goma.

Ƙarfe takwas na isa ƙofarsa don in ɗaukar masa kaya, na tarar da kwaɗo. Maƙwabcinsa ya ce ai tun da aka fito sallar asuba ya tafi. Na hau mota zuwa tashar Kawo, na bi layin motocin Katsina ɗaya bayan ɗaya ina leƙawa, aka ce ta farko ta daɗe da tashi. Da na dawo, maƙwabcin ya kira ni ya ce an bar mini saƙo. Kwanonmu ne, a wanke, da cokalinsa a ciki. Har yau ban san ko yafiya ce ko tuni ba. Na rubuta masa wasiƙa sau biyu, ba amsa, ban kuma yi ƙarfin halin zuwa ba. Bayan wasu shekaru na ji rasuwarsa a bakin wani direba.

Na ƙara shekara huɗu a ɗakin makaman nan. Duk wanda na miƙa wa libarba ta kafa, ko sau ɗari ya taɓa karɓarta, sai na riƙe mariƙin ban saki ba, na ce masa wannan hagu take juyawa, ko wannan dama take juyawa, sai ya amsa sannan in saki. Kurata suka mayar da abin wasa. In na wuce sai in ji suna raɗa, ga Saje hagu-da-dama nan, suna ƙunshe dariya. Na bar su. A shekara huɗun nan ba wanda ya taɓa sunkuyowa ta kafar ya tambaye ni dalili.